Kofin da Aka Canja wa Injiniya

…ya wuce. Wannan ma ya wuce. Ta ga maƙogwaronsa ya hau, ya ɗan tsaya, ya sauko. Babu tari. Idon bai yi ja ba. Alhamdulillahi — sai yanzu ta ankara ta riƙe numfashinta tun lokacin da cokalin ya bar faranti, sai ka ce ita za ta haɗiye masa.

Injiniya yana goge baki da farin ƙyalle, a natse, kamar wanda bai taɓa sanin hanyar asibiti ba. Mijinta. Ga shi nan zaune a gidan cin abinci, da rana tsaka, a ƙasar mutane, cikin mutane… Rigar ta yi masa yawa a kafaɗa, wannan kam ba yadda za a yi. Amma wa zai dube shi ya ce akwai bututu a ƙarƙashinta? Siririyar robar nan da aka huda cikinsa aka saka, wadda ta nan ake ɗura masa abinci tun da ciwon ya same shi — ita da hannunta ta naɗe ta da safe, ta manne da filasta don kada ta yi tudu. Ba wanda zai ce. Ga waccan matar ta teburin taga ta kalle su, ta mayar da kai ga farantinta. Ba ta ga komai ba. Wani dattijo ne da matarsa da 'yarsu, sun zo cin abinci. Shi ke nan fa.

Jibi za su koma wurin likita. Ya faɗa musu ƙiri-ƙiri, ta bakin Auta, don ita ce ke jin harshen ƙasar: in ya ci da baki, ya sha da baki, ba wata matsala, za a zare bututun kafin su hau jirgi. In ba haka ba, da shi za su koma gida. Cin ya fara zama. Shan ne… Ruwa. Wa ya taɓa tunanin ruwa zai zama abin tsoro? Shanyewar ɓarin jikin ta saki ƙafa, ta saki hannu, har bakin ya miƙe, sai maƙogwaro ya tsaya a baya yana nawa. Abu mai kauri a hankali yake tafiya, maƙogwaron ya samu zarafin rufe hanyar numfashi. Ruwa kuwa ba ya jira. Kafin a rufe, ya riga ya faɗa huhu.

"Bawul ɗin famfon ne ya saki," haka yake ce wa masu bugo waya. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ja wa garuruwa ruwan famfo… ya dawo sai an kaɗa masa garin da ke sa ruwa kauri a kofi kafin ya jiƙa harshe.

Garin yana cikin jakarta. Ɗan gwangwani, da ɗan cokalinsa a ciki. Ba ya da ɗanɗano, in ji takardar jikinsa. Injiniya ya ce wanda ya rubuta hakan bai taɓa sha ba.

Auta ce ta zaɓi wurin. Autarsu, mai aiki a garin nan, wadda suka cika wa ɗaki da kwalayen magani har ta koma kwana a falo. "Umma, nan ne daidai Abba. Komai kaɗan-kaɗan suke kawowa, kuma mai laushi. Girkin ƙasashe daban-daban suke haɗawa a faranti guda." Ta ce ta kira su tun farkon mako: ban da giya a miya, ban da naman alade, ban da abu mai tauri ko mai gutsi-gutsi a farantin Abba. Sun ce to. Ba su ma tambayi dalili ba.

Da ta ji "gidan cin abinci" ba ta yarda ba. Ta ce a bari sai an cire bututun mana… Shi ya ƙi. Ya ce in a ɗaki kawai zai iya ci, da ƙofa a rufe, to bai warke ba ke nan. Ya kuma kafa sharaɗi a cikin mota, yana kallon titi: yau kada wanda ya yi maganar ciwo.

To. Ba wanda ya yi.

Wurin shiru ne, irin shirun da ake ji a ɗakin jarrabawa. Fitilu ƙanana sun sauko kan kowane tebur. Can ƙarshe an yi bangon gilashi, ana hango masu girki cikin fararen kaya, sun sunkuya a kan faranti da ɗan hantsaki, suna ɗora ganye ɗaya-ɗaya kamar masu gyaran agogo. Yaya, da kin gani… Yayarta da ke gida, mai bugo waya kullum da safe ta ce, "Ya ci kuwa?" Da kin ga abin da ya ci yanzu, Yaya, da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Kabewa ce aka niƙa ta yi santsi, da madarar kwakwa, da citta, aka ɗora mata wani farin kumfa a kai. Duka-duka ba ta cika ludayi ba. An sa ta a tsakiyar faranti mai faɗin tire.

Abin da ta yi watanni tana yi ke nan fa a kicin ɗin Auta. Ta dafa, ta niƙa, ta tace, ta sake tacewa. Ya kalla ya kau da kai, ya ce abincin jarirai. Nan kuwa ga manyan mutane da kwat da wando, suna cin abincin jariran suna lumshe ido. Kowa a ɗakin nan irin abincin mijinta yake ci. Kowa. Dariya ta taso mata ta danne ta da ƙyalle.

Dogon nan mai kawo abincin ya dawo. Mutum ne mai furfura a gefen kunne, tafiyarsa ba ta da sauti. Ya kwashe faranti, ya kwashe cokula har da waɗanda ba a taɓa ba, ya jera sababbi. Ya tsiyaya ruwa a kofuna.

Ruwa. Garau, yana ƙyalli a gaban hannun dama na Injiniya.

Hannunta ya riga tunaninta. Ta jawo kofin gabanta kamar nata ne, ta saukar da shi gefen tebur inda ƙyallen ya rufe, ta buɗe jaka. Cokali ɗaya… ta juya da ƙaramin cokalin shayi, a hankali, kada ya yi ƙara. Ruwan ya dushe, ya yi nauyi. Ta mayar masa. Bai kalle ta ba. Auta ma ta yi kamar tana duba hoton da ke bango.

Malamar haɗiya ta ce — haka suke kiranta, matar da ke koya masa haɗiya a asibiti, wata 'yar ƙarama mai muryar soja — ta ce tun makon jiya hoton maƙogwaron ya nuna zai iya fara kurɓar tsurar ruwa. Kaɗan-kaɗan. A zaune, haɓa a sunkuye. Ita kuwa ta gyaɗa wa malamar kai, ta ce to. Suka dawo gida ta ci gaba da kaɗa garinta. Ita malamar, hoto kawai ta gani. Ba ta ga ranar nan ba…

Abokan aikinsa ne suka zo dubiya, can gida, farkon ciwon. Falo ya cika. Yana ta ba su labari da karkataccen baki, yana so su ga shi ne dai, Injiniyan da suka sani. Ta shiga ciki ɗauko kofuna. Kafin ta fito ya miƙa hannu ya ɗauki ruwan wani — tarin nan. Tarin da ba ya ƙarewa. Ruwa ta hanci, fuska ta koma wata kala, manyan mutane sun sunkuyar da kai suna kallon kafet. Bayan kwana biyu zazzaɓi. Huhu. Robar iska a hanci, ita a kujerar roba tana sauraron ƙirjinsa yana ƙugi kamar an jefa tsakuwa a tukunya…

Ya wuce. Wannan ya wuce. Yau ga shi yana gyara zaman cokula a gabansa, yana daidaita su kamar zai auna.

An kawo na biyu. Kowane faranti da murfin gilashi, cike da hayaƙi. Dogo ya ɗage murfin, hayaƙin ya watse, ƙamshin itacen da aka ƙona ya bugi hancinta. Ƙwai ne a ciki, a cikin ɓawonsa, an yanke kansa. Ya tsaya yana bayani, hannu a baya, Auta tana fassarawa ƙasa-ƙasa: an dafa shi a ruwan ɗumi tsawon lokaci, da man riɗi, da wani ganyen teku…

"Tambaye shi," in ji Injiniya, "yaushe za a kawo abincin? Mun ga samfurin."

"Abba!"

"Ƙwai ɗaya fa, Auta. Kazar ma sai ta ji kunya."

Muryar… Ba maganar take saurare ba, muryar. A bushe take, garau. Malamar ta koya mata: bayan ya haɗiye, ki sa shi magana. In kin ji muryar ta jiƙe, kamar yana magana ta cikin ruwa, to wani abu ya bi hanyar da ba tasa ba. Tun daga nan ba ta ƙara jin abin da mijinta yake faɗa ba. Sautin kawai. Yaushe rabon da ya yi barkwanci ta ji barkwancin? Kazar ma sai ta ji kunya… Ai abin dariya ne. Abin dariya ne fa. Ta yi dariyar a makare, su biyun suka juyo suna kallonta.

Cokali. Haɓa ta sauka. Maƙogwaro ya hau… ya sauko. Ya sake haɗiyewa, kamar yadda aka koya masa. Ya wuce.

Sai ga hannun Dogo a kan kofin Injiniya. Ya ɗaga shi, ya duba ta hasken fitila, ya ga ruwan a dushe. Fuskarsa ta canja, kamar wanda aka kama da laifi. Ya ɗan rusuna, ya faɗi wata kalma da ko ba fassara ta san haƙuri yake bayarwa. Ya tafi da shi. Kafin ta buɗe baki ya dawo da wani, sabo fil, ya cika shi da ruwa garau.

Bawan Allah… Ya ɗauka kofin ne bai wanku ba. Haka aikinsu yake a nan, ta lura: duk abin da ya ɗan sauya kama sai a ɗauke shi. Ɗigon miya a ƙyalle, a rufe. Cokali ya karkace, a miƙe shi. Ba sa tambaya, don tambayar ma damun baƙo ce. Ta faɗa wa Auta ta yi masa bayani? Ta ce me — mahaifina ba ya iya shan ruwa? A gabansa? Yau kada wanda ya yi maganar ciwo. To ai shi ke nan. Ta sake jawo kofin, ta sake sauke shi gefen tebur. Wannan karon ta ajiye shi kusa da nata farantin, ta ɗora yatsu biyu a gindinsa. A zo a ɗauka ta gani.

"Malama ta kama mai satar amsa," Injiniya ya ce wa Auta, ba tare da ya ɗaga kai ba.

Malama. Shekara da shekaru tana shugabar makaranta, shi kaɗai ne yake faɗin sunan nan ya zama tsokana. Ya daɗe bai faɗa ba. Tun ciwon sai dai "ke", ko ya buga cokali a jikin kofi…

Kifi ne na uku. Fari, ɗan mitsitsi, yana zaune a cikin wani koren romo mai ƙamshin lemun tsami. Nata da na Auta an yayyafa musu wani abu mai ƙaras-ƙaras a kai. Nasa babu. An ɗiga masa ɗigo-ɗigon miya mai launin abin, daidai inda nasu yake, yadda in ba ka ƙura ido ba ba za ka bambance ba. Wani a bayan gilashin can ya tsaya ya yi wannan. Bai san su ba. Ya sunkuya da ɗan hantsakinsa, ya yi wa mijinta faranti irin na kowa… Idonta ya yi zafi. A'a. Ba a nan ba. Ta kalli fitila har zafin ya koma.

Ta miƙa cokali mai yatsu ta danna gefen kifinsa. Ya baje, ba gardama. Ƙaya? Ta bincika. Babu.

"Umma, ki ci naki mana, zai huce."

Za ta ci. Bari dai ya gama.

Ya gama. Har ya karkata farantin yana kwalfar romon. Wannan mutumin da take bi da cokali tana lallashi, ƙara ɗaya, don Allah ƙara ɗaya… Yaya, ya share faranti. Wallahi ya share. Gobe in kin bugo kin ce "Ya ci kuwa?" ban san ta inda zan fara ba.

Wani abu ya saki a bayanta, tsakanin kafaɗu, inda ya daɗe a ɗaure. Sai ta ji tana son zagayawa. Tun fitowarsu take ji ashe, ba ta ba shi wuri ba ne. Ta dubi tebur: babu abinci a gabansa, kofin mai kauri yana gefenta, Auta tana nan. Minti nawa ne? Ba ta taɓa barinsa a kan abinci ba, ko sau ɗaya, ko waya ce ta yi ƙara sai dai ta gaji ta katse. Amma yanzu ai tsakanin faranti ne da faranti… Ta tashi. Ta ajiye ƙyallenta a kan kujera.

Banɗakin ya fi ɗakin Auta girma. Ƙananan tawul a naɗe, kowa da nasa. Ta wanke hannu, ruwan ɗumi yana zuba a kan yatsunta, ta bar shi yana ta zuba. Matar da ke cikin madubi… ɗankwalin ya ɗan zame, furfura ta leƙo. Yaushe ta yi yawa haka? Ƙasan idon ya zurma. Amma bakin — murmushi ne wannan? Ita kaɗai a banɗakin mutane tana murmushi kamar wadda aka yi wa albishir. Jibi. In Allah ya yarda jibi za ta ce wa likita ya ci kifi, ya ci ƙwai, cikin jama'a. Ruwan kuma… za a san yadda za a yi. A ƙara mako guda. A ɗaga tafiyar. Ba gaggawa ake ba. Ba gaggawa…

Ta fito. Daga bakin lungun tana hango teburinsu.

An ninke ƙyallenta, an ɗora shi a kan tebur kamar ba a taɓa amfani da shi ba. An gyara kujerarta. Kofin da ta bari a gefen farantinta — babu shi.

Ga kofi a hannun Injiniya. Wani ne daban. Garau, fitila tana wasa a cikinsa.

Inna lillahi… Auta! Auta tana kallonsa, hannunta a kan baki, ba ta hana shi ba. Ta yi ihu? A ɗakin nan da ko cokali ba ya ƙara? Ta kira shi da me, ita da ba ta taɓa kiran sunansa cikin mutane ba? Ta ruga — tebura nawa ne tsakaninsu, ga wata da tire tana gittawa — in ta firgita shi kuma ruwan yana bakinsa? Wannan ya fi komai muni. Malamar ta faɗa: kada a yi masa magana yana haɗiya. Kada a taɓa shi. Ƙafafunta sun tsaya da kansu a tsakiyar ɗaki.

Ya gyara zama. Bayansa a miƙe. Ya kai kofin baki, ya kurɓa — kaɗan, ɗan kaɗan, ta ga ruwan bai ko sauka ba. Ya sauke kofin. Ya riƙe a baki. Haɓa ta sunkuya har ta kusa taɓa ƙirji.

Falo cike da mutane… kafet… kujerar roba… ya Allah, ba don halina ba…

Maƙogwaro ya hau.

Ya tsaya.

Ya sauko.

Ya sake haɗiyewa. Ya zauna shiru, ido a rufe, kamar mai sauraron wani abu can cikin bango. Tana jira. Tarin wani lokaci ba ya zuwa nan take, sai ya yi kamar ya wuce sannan ya fashe. Tana jira… Matar teburin taga tana yanka wani abu. Masu girki suna sunkuye. Duniya ba ta san abin da ake ciki ba.

Ya buɗe ido. Ita ya nema, kuma ya san inda take.

Ba ta san yadda ta iso kujerar ba. Ta dafa bayanta, ba ta zauna ba. Yi magana. Don Allah yi magana in ji.

"Zauna mana, Malama. Kin tsaya mini a ka kamar na zo makaranta a makare."

A bushe. Garau. Ko ɗigon jiƙa babu.

Ta zauna.

"Mai kawo abincin ne ya ɗauke wancan ya kawo wannan," in ji Auta. "Zan yi magana Abba ya ɗaga mini hannu."

"Ka san… ka san ba mai kaurin ba ne?" ta ce masa.

"Ni za a nuna wa ruwa?" Ya juya kofin a kan tebur, yana kallonsa ta gefe. "Sanyinsa na ji har nan." Ya taɓa tsakiyar ƙirjinsa. "Na manta yana da sanyi."

Ya manta yana da sanyi… Ita ce take kaɗa masa da ruwan ɗumi, don garin ya fi narkewa. Ba ta taɓa tunani ba. Tana ta tsare huhu, tsare huhu, mutumin kuma yana can ciki da ƙishirwarsa, bai ce komai ba. Ko ya ce? Wataƙila ya ce, ita kuma muryar take saurare…

Ya sake ɗagawa. Hannunta ya motsa a kan cinya — ta danne shi da ɗayan. Kurɓa. Haɓa. Hau, sauka. Ya wuce. Wannan ma.

Zazzaɓi fa? Yakan zo daga baya. Za ta auna shi in sun koma, ta sake aunawa da safe, ta kasa kunne a bayansa. Za ta yi, ba za ta fasa ba. Amma ta san ƙarar tarin da ke kawo zazzaɓi, ta san yadda idonsa ke yi, ta fi likitan sani. Babu shi a nan. Babu. Jibi Auta za ta fassara: ya sha ruwa, tsura, da hannunsa. Za a zare robar. Ramin zai rufe da kansa, an ce, kamar hudar kunne da aka daina sa wa ɗankunne. Za su hau jirgi ba tare da kwalin sirinji ba. A gida zai zauna a falo, a kawo wa baƙi ruwa, a kawo masa…

Dogo ya zo wucewa, ya ga kofin ya ragu, ya ƙara masa. Ya ɗan rusuna ya wuce. Bai san komai ba. Har ya koma gidansu yau ba zai sani ba. Shi dai ya ga baƙi sun samu kofi mai dauɗa har sau biyu, wataƙila ma ya je ya yi wa mai wanke-wanke faɗa, bawan Allah, a kan laifin da ba nasa ba. Ya kamata a faɗa masa. Auta ta faɗa masa kafin su fita… ta ce masa me? Mun gode da ka ƙi barin mu da abin da muka sani? Ba za ta fassaru ba.

Naman rago. An ce tun jiya yake kan wuta, cokali kawai ake sa masa ya rabu. Da dankalin da aka niƙa, da wata baƙar miya mai zaƙi-zaƙi. Injiniya yana ba Auta labarin wani tankin ruwa da suka gina a kan dutse, yadda jakuna suka hau da siminti. Ta san labarin. Ta san inda zai tsaya ya yi dariya. Yana ci yana magana — a'a, yana haɗiyewa tukuna sannan ya yi magana, shi da kansa, ba wanda ya tuna masa. Ba ya kallonta kafin ya kai cokali. Da yakan kalle ta, kamar mai neman izini.

To ita yanzu ina za ta kalla?

Ta sauke ido kan farantinta. Ta ɗebi naman ta kai baki. Gishiri… zaƙi… wani yaji can ƙarshe da ya tsaya a harshe. Kai. Abinci ne. Wannan abinci ne mai ɗanɗano. Kabewar fa, da ƙwan, da kifin — ta ci su? An dai ɗauke faranti. Watanni ke nan tana ɗanɗana abinci don ta ji kauri, ta ji zafi, ta ji ko akwai gudaji. Ta ci ragowar nasa a tsaye a bakin tukunya, in ya yi barci. Yunwa ta taso mata gaba ɗaya, irin ta rashin kunya. Ta ci. Ta ƙara. Ta goge miyar da dankalin.

"A'a," in ji Injiniya, "ashe da baki aka zo da ita."

Auta tana dariya tana share ido da bayan hannu.

Nauyi ne yake sauko mata yanzu, daga ka zuwa kafaɗa, zuwa cinya. Ba ciwo ba. Kamar wadda ta daɗe da tulu a ka aka sauke mata, wuyan ya rasa yadda zai tsaya. Kujerar nan tana da laushi… tun ɗazu haka take? Da za a bar ta ta kifa kai a kan farin ƙyallen nan, kaɗan kawai, tsakanin cokula… Shugabar makaranta guda, a ƙasar mutane. Ta gyara zama. Idon yana rufewa da kansa.

An kawo wani abu mai sanyi, mangwaro da ɗan barkono, yana narkewa a hankali a gefen faranti. Dogo bai tafi ba. Ya tsaya a gefenta, hannu a baya, ya ɗan sunkuyo. Ita yake yi wa magana. Ta waiga wurin Injiniya — a'a, ba shi ba. Ita.

"Umma, tambaya yake me za ki sha. Akwai shayi kala-kala, akwai gahawa, akwai na ganye."

"Abbanku dai ba zai iya shan mai zafi sosai —"

"Abba ya zaɓi nasa. Ke ake tambaya."

Ita… Me take sha? Da can, kafin duk wannan, in ta dawo daga makaranta ta cire takalmi ta zauna — akwai abin da take haɗa wa kanta. Akwai. A wani kofi mai tsaga a hannu. Da madara ne? Ba madara? Tana son sukari, ko shi ne mai son sukari ita ta bi shi? Ta buɗe baki. Su uku suna jiranta, ba wanda yake gaggawa, mutumin yana murmushi kamar yana da yini guda…

Me take so ne ma?